Makaho da Takardar Ofis: Daga Ɗan Jagora Zuwa Kwamfuta Mai Magana

Likoro tsohon gari ne a arewacin Zariya, cikin ƙaramar hukumar Kudan wadda hedikwatarta ke Hunkuyi. Ƙasar noma ce, ta rake da mazarƙwaila da kayan lambu, kamar maƙwabtanta na Makarfi da Ikara. A irin waɗannan garuruwa, tun kafin zuwan Bature, jama'a sun riga sun yanka wa makaho wurin zamansa. A manyan garuruwan ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Makafi, shi ke sasanta rigimar mutanensa, shi ke magana da yawunsu a fada. Akwai sana'ar da aka san su da ita, wato tufkar igiya. Akwai haddar Alƙur'ani, wadda makafi da yawa suka yi fice a kanta. Sannan akwai bara, da yaro ɗan jagora riƙe da bakin sanda ana bi gida gida.

Ba yabon wancan tsari nake yi ba, domin ya tura dubban mutane masu basira bakin kasuwa da ƙoƙo. Amma akwai abin lura a cikinsa. A zamanin da ciniki da shari'a da saƙo da karatu duk da baki ake yinsu, abin da makanta ta fi raba mutum da shi hanya ce, ilimi kuwa yana nan a buɗe gare shi. Makaho kan zauna a zaure ɗaya da masu ido, malami ya biya, kowa ya ɗauka da ka, sau da yawa ma ya riga su riƙewa. Musulmin ƙasar nan sun san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da ya yi ladanci, wanda kuma aka sha bar wa riƙon Madina idan an fita yaƙi. Ba a taɓa ɗaukar riƙon amana a matsayin abin da ya gagari makaho ba.

Ƙasar Zazzau tana da nata shaidar. Aliyu Namangi ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya yi karatun addini mai zurfi, ya tsara waƙoƙin Imfiraji da suka game ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1990. Sai dai baitocin da ya tsara a ka, hannun wani ne ya sauke su a takarda. Ashe makaho 'yan jagora biyu yake da su: na hanya, da na takarda. Na farkon kowa yana ganinsa a titi. Na biyun shi ne wanda aka shafe shekara ɗari biyu ana neman yadda za a sallame shi, kuma labarinsa ne labarin makaho da aikin ofis.

Da Turawa suka kafa mulki, aka shigo da aikin albashi, aiki ya koma takarda. Akawu, malamin haraji, malamin asibiti, ma'aji, duk da ido suke cin abinci. Zariya ta zama cibiyar wannan sabuwar duniya: a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Kowane ci gaba da boko ya samu sai ya ƙara nisanta makaho da wurin da ake raba arziki. Mutumin da a zaure yake gaban ɗalibai, a ofishin En'e ko masinja ba za a ɗauke shi ba.

Maganin farko daga Faransa ya fito. Louis Braille, wanda aka haifa a 1809, ya soki idonsa da abin huda fata a shagon mahaifinsa yana ɗan shekara uku, ciwon ya harbi ɗaya idon, ya makance. Yana ɗan shekara goma sha biyar, a makarantar makafi ta birnin Faris, ya tsara rubutun ɗige-ɗige shida da ake shafawa da yatsa, wanda ke ba da siffofi 63. Ya wallafa tsarin a 1829, ya rasu a 1852, hukumar ƙasarsa ba ta amince da shi ba sai bayan shekara biyu da mutuwarsa. Rubutun ya ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ya samu makaranta a Arewa. A 1953 mishan ɗin SUM suka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Filato, ita ce ta farko a Nijeriya. Shekara goma kafin nan, a 1943, mishan ɗin SIM sun buɗe asibitin ido a Kano. A tsakanin nan kuma, a 1950, wani Baturen Ingila mai suna John Wilson, wanda shi ma ya makance yana ɗan shekara goma sha biyu a wani hatsari a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ya kafa ƙungiyar da yau ake kira Sightsavers, wadda ta daɗe tana aiki daga Kaduna.

Duk wanda ya taɓa ganin ana rubutun makafi da allo da tsinke ba zai manta ba. Allon fale-fale biyu ne haɗe da maƙalli, ana cusa takarda mai kauri a tsakaninsu a danne. Na saman yana da ƙananan tagogi a jere, kowace taga gurbin harafi ɗaya ce. Mai rubutu zai riƙa soka tsinken ƙarfe mai kan katako, ƙwas ƙwas ƙwas, daga dama zuwa hagu, kuma a juye yake huda kowane harafi, domin sai an birkita takardar ake shafa tudun ɗigon daga hagu zuwa dama. Fara layi daga dama ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi da allo da ajami, amma juya harafi a ka kafin a huda shi aiki ne na mai natsuwa. A 1951 aka fito da keken rubutu na Perkins mai madannai shida, ya rage wahalar, ga wanda ya samu.

Wannan rubutu ya ba makaho abin da bai taɓa samu ba, wato ya ajiye magana ya dawo ya same ta ba tare da ya roƙi kowa ba. Amma a ofis yana da naƙasu babba: shugaban aiki ba ya iya karanta shi. Sai aka haɗa wa makafi da tafireta, suka ƙware a kanta ƙwarai, domin mai buga tafireta na gaske dama ba ya kallon yatsunsa. Nan ma da sauran rina a kaba. Yana buga wasiƙar da kowa zai karanta ban da shi. Idan ƙyallen tawada ya bushe, zai iya cika shafi guda da iska bai sani ba. Ya kasance abin da yake iya karantawa mutane ba sa iyawa, abin da mutane ke karantawa shi ba ya iyawa. Shi ya sa ayyukan da aka ware wa makafi masu ilimi a wancan zamani ba su da yawa: haɗa layin tarho a manyan ma'aikatu, buga tafireta daga abin da aka faɗa, koyarwa, wa'azi, da gashin ƙashi.

Ta wannan ƙofa ta ƙarshe Bitrus Gani-Ikilama ya shigo, kuma shi ne misali mafi kusa da mutanen Likoro, domin a Zariya ya yi rayuwar aikinsa. An haife shi a Donga a 1944, ƙyanda ta tafi da idonsa yana yaro, ya yi makarantar Gindiri, ya tafi Landan ya koyi aikin gashin ƙashi a makarantar da aka tanada don makafi, ya dawo gida a 1967. Bayan ɗan zama a Legas ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya kai ga shugabantar sashensa. Mutanen karkarar Zazzau da aka kai asibitin da shanyewar ɓarin jiki ko karaya, wasunsu a hannun makaho suka koyi sake taka ƙasa. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne inda ya sa ƙarfinsa a wajen asibiti. A shekarun 1970 ya fara aikin naɗar littattafai a kaset don ɗalibai makafi, aikin da ya girma ya zama gidauniyar Hope for the Blind a Zariya. Mutumin da ya yi aikin gwamnati ba ido ya san inda gizo ke saƙa: ba hannu ne matsalar ba, ba ƙwaƙwalwa ba ce, takarda ce. Kaset ya sa mai karatu ɗaya ya wadatar da mutum ɗari, a saurare shi da tsakar dare ba tare da an tashe shi daga barci ba. Amma kaset ba ya karanta wasiƙar da ta iso yau da safe. Bitrus Gani-Ikilama ya rasu a 2011.

A daidai shekarun da ake naɗar kaset a Zariya, a Amurka an fara gwada na'urar da za ta karanta takarda da kanta. Wani malamin jami'ar Stanford, John Linvill, yana da 'ya makauniya, shi da abokan aikinsa suka ƙera Optacon, aka fara sayar da ita a 1971. Ƙaramar kyamara ce ake ja a kan layin rubutu da hannu ɗaya, yatsan ɗaya hannun yana kan wasu tsinkaye 144 masu karkarwa da ke zana siffar harafin a fata. Karatun yana da nawa, amma karatu ne na takardar masu ido, kai tsaye. A watan Janairun 1976 Ray Kurzweil ya nuna na'urar da ake kifa mata littafi ta karanta shi da murya. Girmanta ya kai na tebur, kuɗinta wajen dala 50,000, mawaƙin nan makaho Stevie Wonder yana cikin waɗanda suka fara mallakarta. Irin wannan kaya ba na ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ne, ko a can ma sai manyan ɗakunan karatu.

Juyin gaske ya zo ne lokacin da takardar kanta ta koma cikin kwamfuta. Dalilin mai sauƙi ne. Harafin da ke kan takarda tabon tawada ne kawai, sai an gane siffarsa. Harafin da ke cikin kwamfuta kuwa lamba ce a ajiye, na'urar ta riga ta san wane ne, abin da ya rage a ba ta baki ta faɗa. A 1986 Jim Thatcher na kamfanin IBM ya fitar da manhajar da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya. Sai ga Ted Henter, ɗan tseren babur wanda ya rasa idanunsa a hatsarin mota a Ingila a 1978, ya koma ya koyi rubuta manhaja, ya kafa kamfani da abokinsa Bill Joyce a 1987, suka fitar da JAWS a 1989. Sunan gajarce ne na kalmomin da ke nufin samun aiki ta hanyar magana, wato tun daga farko ma'aikaci aka nufa da ita. Da irin waɗannan manhajoji makaho ya buga wasiƙa, ya ji abin da ya buga, ya gyara kuskurensa, ya miƙa wa shugabansa abin da su biyun suke iya karantawa.

Murnar ba ta daɗe ba. Kwamfutocin farko haruffa zalla suke nunawa, layi 25, kowane layi gurbi 80, karanta su ba wuya. Da Windows ta mamaye ofisoshi a farkon shekarun 1990, fuskar kwamfuta ta koma zane: 'yan hotuna, tagogi, da kibiyar da ake ja da linzami. Makafin da suka samu aiki da ƙyar suka ga aikin yana shirin suɓucewa. Sai da aka yi shekaru ana fafatawa, ƙungiyoyin makafi suna matsa wa kamfanoni lamba, kafin JAWS ta Windows ta fito a 1995, Microsoft kuma ta buɗe wata hanya a 1997 da manhajoji za su riƙa sanar da mai karanta allo sunan kowane maɓalli da aikinsa. Darasin wancan rikici har yau shi ke mulkin lamarin: manhajar ba ta ganin abin da ido ke gani, abin da maginin shafi ya sa wa suna kaɗai take faɗa. Idan ya bar maɓalli ba suna, abin da makaho zai ji shi ne "maɓalli", shi ke nan, ko na aikawa ne ko na gogewa, oho.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta tsare mu a nan. Lasisin JAWS ya daɗe yana kaiwa dala dubu ko fiye. A 2011, lokacin da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 18,000, wannan kuɗi ya haura albashin wata takwas, ban da kuɗin kwamfutar. Akwai kwafin gwaji na kyauta, amma minti 40 yake yi ya yi shiru, sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa. A yi tunanin ma'aikacin da ke tsakiyar lissafi, muryar ta ɗauke, ya kashe, ya jira, ya kunna, ga kuma wutar NEPA da ba ta da alƙawari. Da yawa sun koma ga kwafin bayan fage, wanda kan lalace ranar da aka fi bukatarsa.

Waɗanda suka karya wannan shinge samari biyu ne makafi 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, waɗanda suka san juna tun suna yara. Curran ya fara rubuta NVDA a watan Afrilun 2006, Teh ya shigo, suka kafa ƙungiyar NV Access a 2007. Hujjarsu ita ce bai kamata makaho ya biya ƙarin kuɗi don amfani da kwamfutar da mai ido ke amfani da ita ba ƙari ba. Manhajar kyauta ce, kowa na iya duba cikinta ya gyara, masu sa kai sun fassara ta zuwa harsuna fiye da 50. Ana iya ɗora ta a filash, mutum ya sa a aljihu, ya soka a kwamfutar ofis ko ta shagon intanet ta fara magana. A ganina, ga ƙasa irin tamu, wannan shi ne abu mafi girma da ya faru a wannan fage tun bayan buɗe Gindiri.

Waya ta biyo baya. Layukan salula sun shigo Nijeriya a 2001, makafi suka haddace madannan Nokia. Da wayar shafa ta zo, gilashi sumul ba tudu ba kwari, aka ɗauka an sake rufe ƙofa. Sai Apple ta sa VoiceOver a iPhone a 2009, Android ta zo da TalkBack: ka aza yatsa ta faɗi abin da ke ƙarƙashinsa, ka ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. Daga baya aka samu Be My Eyes a 2015, wadda ke haɗa makaho da mai sa kai ta kyamarar waya, da Seeing AI a 2017. Aikin da na'urar dala 50,000 ta yi a 1976, yau wayar da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari tana yinsa.

To, a ɗauka wani matashi ne daga Likoro, ya yi makarantar makafi, ya yi difloma, aka ɗauke shi aiki a sashen noma na wata ƙaramar hukuma. Da safe zai zauna, ya sa abin sauraro a kunne ɗaya, ya bar ɗayan don jin mutane. Yatsunsa manuniya za su lalubi 'yan tudun nan biyu da ke kan F da J, waɗanda ke jikin kowane allon madannai, masu ido da yawa ba su ma san da su ba. Ya danna Control da Alt da N, murya ta tashi. Linzami yana gefe, ba ruwansa da shi. Fuskar kwamfutar ma yana iya rage haskenta don batir ya daɗe. Idan shafin intanet ne, harafin H yana tsallaka da shi daga kanu zuwa kanu har ya isa inda yake so. Idan jadawalin rabon taki ne a Excel, kibiyoyi yake bi: muryar ta faɗi gurbi, ta ce Likoro, ya matsa dama ta faɗi yawan buhuna, ya dawo hagu ya sauko ta ce Doka, ta ce Garu, ta ce Zabi. Ya ƙara wa muryar sauri har abokin aikinsa da ya karɓi abin sauraron ya ce shi bai ji komai ba sai surutu. Kafin azahar ya gama rahoton da wani zai kwana biyu a kai. Bahaushe ya ce in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne.

Sai masinja ya shigo da fayil. Kwali ne ɗaure da zare, cikinsa takardu, a gefen kowace shugabanni sun yi sharhi da biro, wani da ja, wani da kore, rubutun wani ko mai ido sai ya yi da gaske. A nan duk abin da aka gina tun daga 1986 ya tsaya cak. Ko kuma sanarwa ta fito: sakatare ya buga ta a kwamfuta, ya fitar da ita a takarda, aka sa hannu, aka buga hatimi, wani ya ɗauke ta hoto a karkace ya tura zauren WhatsApp na ma'aikata. Rubutun da aka haifa a kwamfuta, wanda manhajar za ta karanta cikin daƙiƙa kaɗan, an mayar da shi tabon tawada. Akwai dabarar gane haruffa daga hoto, NVDA ma tana da ita, tana ƙoƙari idan bugun ya fita sarai. Amma inda hatimi ya hau kan kwanan wata, ko jadawali ya karkace, sai ta haɗa sunan wani da kuɗin wani. Haka shafukan ɗaukar aiki da na tantance ma'aikata da ke cewa sai ka kwafi wasu murɗaɗɗun haruffa daga hoto don a tabbatar kai mutum ne. Dole ya juya ya ce, "Malam, don Allah ɗan duba mini." Ɗan jagoran takarda ya dawo. Kuma ba kowace takarda mutum ke so a karanta masa ba: akwai ta albashi, akwai ta tuhuma, akwai sakamakon asibiti.

Akwai kuma ciwon da ya shafe mu mu kaɗai, wato harshe. Muryoyin da ma'aikatanmu ke amfani da su na Turanci ne. Idan suka ci karo da Hausa sai su karanta ta da ƙa'idar Turanci, abin ya fito kamar Bature sabon zuwa yana gaisuwa a kasuwa. Makafi sun saba, kunnensu yana fassarawa, amma wahala ce da ba ta kamata ba. Gina muryar Hausa kuma yana da nasa ƙulli, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai karatu yana gane garin da ake zama da garin da ake tuƙawa daga jimla, na'ura kuwa sai an koya mata da dubban jimloli da muryoyin mutane. An fara: shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin Hausa daga masu sa kai, kamfanin Meta ya fitar da muryoyin gwaji na harsuna fiye da dubu a 2023, har da Hausa. Sai dai muryar gwaji daban, muryar da za ta yi wa ma'aikaci aiki awa takwas, da sauri, a tsohuwar kwamfuta, ba intanet, ita ma daban.

Sannan ga gadon da muka bar wa kanmu na haruffa masu lanƙwasa. A shekarun 1990, kafin kwamfutoci su saba da ɓ da ɗ da ƙ, an ƙirƙiro zanen haruffa na musamman da ke aron wasu madannai. A ido kalmar tana fita daidai, amma a cikin na'ura abin da ke ajiye alamar baka ce, ko q, ko x, ko v. Dabarar ta yi amfani a lokacinta, ta fitar da littattafai da jaridu. Amma manhajar makaho abin da ke ajiye take karantawa, don haka inda aka rubuta ƙasa sai ta ambaci sunan wata alama sannan ta ce "asa". Haruffanmu suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kowace waya ta yau tana da su, amma har gobe akwai masu buga takardu da tsohon zanen saboda sabo.

Ta fuskar doka an yi tafiya. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, ta shiga yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Hukumar JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, ciki har da Kano. Duk wannan abin a yaba ne. Amma ba gurbi kaɗai ne aiki ba. An sha ɗaukar makaho don a cika ƙa'ida, a ba shi kujera ba tebur, ko a ce ya zauna a gida albashi zai same shi. Masu yin haka suna ganin tausayi suka yi. Ni a wurina bara ce aka sa wa lambar ma'aikaci, kuma wanda aka yi wa haka ba ya samun ƙarin girma, domin ba shi da aikin da za a auna.

Kada kuma a ɗauka maganar ta 'yan tsiraru ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawansu. Yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na biye, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Wannan yana nufin yawancin masu rasa gani ba yaran makarantar makafi ba ne. Malamin firamare ne a Ikara, ko ma'aikaciyar lafiya a Makarfi, ko akawu a Kudan, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki sai ido ya fara dushewa. Irinsu sukan ɓoye, su riƙa cewa sun manta tabarau a gida, don tsoron kada a yi musu ritayar dole. Da yawansu ma ba murya suke bukata ba tukuna. A kowace kwamfuta mai Windows, danna madannin Windows tare da alamar tarawa yana ƙara girman rubutu ninki ninki, ana kuma iya juya launi ya zama farin rubutu a kan baƙi. Kayan suna cikin na'urar da ke gabansu, an riga an biya kuɗinsu, ba wanda ya nuna musu.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara, da shugabannin makarantu da asibitocin yankin, ba na sayen wata na'ura mai tsada ba ne. Ma'aikaci mai lalurar gani yana bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai kyau, da abin sauraro, da 'yan makonni na horo a hannun makaho ɗan'uwansa da ya iya, da wurin caji mai sola. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, na sashen kwamfuta da na harsunan Nijeriya, su ne suka fi cancanta su zauna da makafi su gina muryar Hausa da za ta hau kan NVDA, su sake ta kyauta. Iyaye a Likoro da ƙauyukanta da Allah ya ba ɗa makaho, su kai shi asibitin ido tukuna, domin wata makantar ta aikin rabin awa ce, in kuma ba ta warkuwa su kai shi makaranta, kada su haɗa shi da ƙaninsa su tura su tasha. Kai kuma mai buga takardu a ofis, naka ya fi na kowa sauƙi: idan ka tura hoton sanarwa mai hatimi, ka haɗa da ainihin rubutun da ka buga, da haruffan Hausa na gaskiya.